Ku Tambaya Mu Amsa: Stephen Keshi, Kyaftin Ɗin da Ya Koma Koci

Tambayoyin wannan karo kusan duk a kan mutum ɗaya suka taru, wato marigayi Stephen Keshi, tsohon kyaftin kuma kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, Super Eagles. Na haɗa masu kama da juna, na taƙaita masu tsawo, waɗanda suka zo da zagin 'yan hukumar ƙwallo kuma na ajiye su gefe. Bismillah.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A garinmu an daɗe ana cewa a nan aka haifi Keshi, wasu kuma na cewa cika baki ne kawai. Mene ne gaskiya? Kuma yaya aka yi ya tafi Turai a lokacin da 'yan ƙwallonmu ba su cika fita waje ba?
Daga wani ɗan kasuwa a Azare, jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuna da abin riƙewa, domin rubuce-rubucen tarihinsa da dama Azare suke sawa a matsayin inda aka haife shi, ranar 23 ga Janairun 1962. Sai dai kada ku ja zancen da nisa. Asalin iyayensa Illah ne, a jihar Delta ta yanzu, can kuma aka binne shi. Tasowa kuwa a Legas ya yi, ya shiga makarantar St. Finbarr's da ke Akoka, wadda ta yi suna wajen yaye 'yan ƙwallo. Henry Nwosu da Samson Siasia ma daga can suka fito.

Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas a 1979, daga nan ya koma New Nigeria Bank ta Benin. Yaran yanzu za su yi mamaki, amma a wancan zamani bankuna da kamfanoni ne ke riƙe da manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, ɗan wasa yana da albashi kamar kowane ma'aikaci. Da wannan ƙungiya ya ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma sau biyu a jere, 1983 da 1984.

Fitarsa waje kuwa hukunci ne ya jawo ta. Hukumar ƙwallo ta lokacin ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa na New Nigeria Bank saboda sun makara wajen isa sansanin 'yan wasan ƙasa. Maimakon ya zauna yana jiran a yafe masa, sai ya tattara kayansa ya nufi Kwaddibuwa a 1985, ya buga wa Stade d'Abidjan, sannan Africa Sports. Daga can 'yan Beljiyam suka gan shi. Lokeren ta ɗauke shi a 1986, shekara ɗaya kacal Anderlecht ta karɓe shi. Ku lura da wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi: tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi da hukumar ƙwallon Najeriya ba su taɓa zama lafiya na dogon lokaci ba.

Anderlecht ta wancan zamani ba ƙanwar lasa ba ce. Da ita ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam a 1988 da 1989, ya ci gasar ƙasar a 1991, a 1990 kuma suka kai wasan ƙarshe na ɗaya daga cikin kofunan Turai, inda Sampdoria ta Italiya ta doke su da ci biyu da nema a ƙarin lokaci. Bayan nan ya yi Strasbourg a Faransa, ya dawo Molenbeek a Beljiyam, ya ƙarasa wasansa a Amurka da Malesiya.

A waɗancan shekarun Beljiyam ta cika da 'yan Najeriya: Eguavoen, Siasia, Victor Ikpeba, Sunday Oliseh, da namu Daniel Amokachi wanda ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge. Ba duka ne Keshi ya kai da hannunsa ba, amma shi ne babban yaya a can, shi ake nema idan yaro ya sauka bai san kowa ba. Har Nii Lamptey na Ghana shi ya yi masa hanyar zuwa Anderlecht.

Tambaya: Mun kwana biyu muna musu a majalisarmu. Ni na ce Keshi suna ne kawai, domin a 1994 da ake ta yabo kusan a benci ya ƙare. Abokaina sun ce ban san ƙwallo ba. Ka raba mana gardama.
Daga wani matashi a Fagge, Kano.

Amsa: Ƙanena, rabin maganarka daidai ne, sai dai ka kama labarin daga wutsiya. Gaskiya ne a gasar Tunisiya ta 1994 Keshi ya haura shekara talatin, ga rauni yana damunsa, bai buga wasanni da yawa ba. A wasan ƙarshe da aka doke Zambiya 2-1, da ƙwallaye biyu na Emmanuel Amunike, Augustine Eguavoen ne ya ɗaura ƙyallen kyaftin a fili. A kofin duniya na Amurka ma wasa ɗaya ya buga, wanda aka ci Girka 2-0. Idan nan kaɗai ka duba, kai ke da gaskiya.

To amma shekaru goma da suka gabaci wannan fa? A 1984 yana ɗan shekara 22 shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar da Adegboye Onigbinde ya kai wasan ƙarshe a Abidjan, Kamaru ta ci mu 3-1. A 1988 a Maroko aka sake kai wa wasan ƙarshe, Kamarun dai ta sake yi mana ci ɗaya mai ban haushi. A 1992 a Senegal muka zo na uku, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba mu nasara a kan masu masaukin baƙi a wasan farko. Gaba ɗaya wasa 64 ya buga wa Najeriya, ya ci ƙwallo 9, alhali mai tsaron baya ne. Mutum ne mai ƙirar ƙarfi, mai nutsuwa da ƙwallo a ƙafa, ga dogon bugu da ke tsallake tsakiya ya sauka a gaban ɗan wasan gaba.

Duk da haka ba zan ce maka ya fi kowa iya taka leda a zamaninsa ba. Abin da ya fi kowa da shi kwarjini ne. Ba a banza ake ce masa Big Boss ba. Shi ke tsaya wa 'yan wasa idan an riƙe musu alawus, shi ke shiga tsakani idan rigima ta tashi a sansani, kuma Clemens Westerhof, Baturen Holan da ya horar da ƙungiyar daga 1989 zuwa 1994, ya san cewa idan Keshi ya yarda da abu, sauran sun yarda. Wannan ƙarfi nasa har ya jawo masa zargi, ana cewa shi da 'yan ɓangarensa ke da ta cewa wajen zaɓen wanda zai buga. Ko ma dai mene ne, koci ba ya ɗaukar mai rauni zuwa manyan gasa biyu a shekara ɗaya sai idan yana ganin amfaninsa a wajen fili ya kai na cikin fili.

Saboda haka ka koma majalisa ka ce musu kunnen doki kuka yi. Ko da yake, tsakani da Allah, sun ɗan fi ka.

Tambaya: Malam, mijina ya ce Keshi ya kai Togo kofin duniya amma bai je da su ba. Na kasa fahimta. Yaya za a yi mutum ya kai ƙasa inda ba ta taɓa zuwa ba, sannan a kore shi kafin a tafi?
Daga wata malamar asibiti a Kaduna.

Amsa: Hajiya, maigidan ya faɗi daidai, kuma ba a Togo aka fara yi masa haka ba. A 2001 yana mataimakin Amodu Shuaibu lokacin da suka karɓi Super Eagles tana tangal-tangal a wasannin share fage, suka samo mata gurbin kofin duniya na 2002. Sai aka je gasar Afirka a Mali a farkon 2002, aka zo na uku, aka yi rigima da manya, aka sallame su duka. Onigbinde aka miƙa wa ƙungiyar ya tafi da ita Japan da Koriya.

Togo ya karɓa a 2004. Ki duba rukunin da aka jefa su: Senegal, wadda shekara biyu kafin nan ta doke Faransa ta kai zagayen 'yan takwas a kofin duniya, ga Mali, ga Zambiya, ga Kongo, ga Laberiya. Ƙasa ɗaya tak za ta wuce. Wasan farko ma Zambiya ce ta ci su. Daga nan ba a sake doke su ba. Suka lallasa Senegal 3-1 a Lome, suka je Dakar suka yi 2-2, ranar 8 ga Oktoban 2005 kuma suka je Brazzaville suka ci Kongo 3-2, suka ƙare da maki 23, Senegal na da 21. Emmanuel Adebayor shi kaɗai ya ci ƙwallo 11 a wasannin share fagen. In an cire shi, yawancin sauran 'yan wasan a ƙananan ƙungiyoyin Faransa da makamantansu suke, ba wanda ya san sunansu a nan. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Keshi gwarzon koci na shekarar.

Abin ya ɓaci ne a Masar, a gasar Afirka ta Janairun 2006. Daidai lokacin Adebayor ke komawa Arsenal daga Monaco, sai saɓani ya shiga tsakaninsu. Aka fara wasan farko da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yana benci, bayan wasan kuma suka yi ka-ce-na-ce da har 'yan jarida suka ji. Adebayor ya yi zargin cewa kocin ya so ya zama dillalinsa a cinikin. Togo ta sha kashi a duka wasanni ukun, a hannun Kongon, da Kamaru, da Angola. Hukumar ƙwallon ƙasar ta auna koci da tauraro, ta zaɓi tauraro. Aka ɗauko Otto Pfister, Bajamushe, saura 'yan watanni a fara gasa a ƙasarsu Jamus. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da yake shi ma gardin bai ji daɗi ba. Rigimar alawus ta dabaibaye sansanin, har Pfister ya ajiye aiki kwanaki kaɗan kafin wasan farko, aka lallaso shi ya dawo. Koriya ta Kudu, Siwizalan da Faransa duk suka doke su. A 2007 Togo ta sake kiran Keshi, wanda a wurina amsa laifi ne ba tare da an furta ba.

Tunda kin tambayi zamansa a waje, bari in ƙara miki da Mali, inda ya yi daga 2008 zuwa farkon 2010. A can yana da manyan 'yan wasa: Kanoute, Seydou Keita, Mahamadou Diarra, Momo Sissoko. A wasan buɗe gasar Angola, ranar 10 ga Janairun 2010, masu masaukin baƙi na cin su huɗu da nema saura minti goma sha ɗaya a tashi, amma aka tashi 4-4. Wanda ya kalli wasan nan ba zai manta ba. Sai dai ba su fita daga rukuni ba, aka sallame shi. Wani abu da na lura da shi: a hannun Keshi ƙungiyar da ba ta da suna ta fi ƙungiyar taurari yin abin kirki.

Tambaya: Ni dai ina ganin kofin 2013 sa'a ce kawai. Biyu daga wasannin rukuni canjaras aka yi, sauran ƙasashen ne suka yi sake. Ko kana ganin akwai wata dabara da Keshi ya yi?
Daga wani direban tirela a Gusau.

Amsa: Malam direba, ba a cin kofi babu sa'a, wannan kam haka ne. Amma bari mu bi abin daki-daki, sai ka ga inda sa'ar ta tsaya.

An ba shi aikin horar da Super Eagles ne a Nuwamban 2011, bayan Siasia ya kasa kai mu gasar 2012, lokacin da Gini ta zo Abuja ta riƙe mu 2-2. Mutane sun gaji da Super Eagles, sun gaji da manyan sunaye da ke zuwa sansani sai sun ga dama. Abin da Keshi ya fara yi shi ne ya tara 'yan wasan gida a Abuja, ya yi makonni yana horar da su, yana buga wasannin sada zumunta da su. Da yawa mun ɗauka burga ce, idan gasa ta zo zai watsar da su kamar yadda aka saba. Sai ga jerin sunayen masu zuwa Afirka ta Kudu ya fito da 'yan gida shida: Chigozie Agbim, Godfrey Oboabona, Azubuike Egwuekwe, Ejike Uzoenyi, Reuben Gabriel da Sunday Mba. Babu Peter Odemwingie, babu Obafemi Martins, babu Taye Taiwo. Odemwingie ya hau Twitter ya zazzage abin da ke cikinsa. Wannan ba sa'a ba ce, zaɓi ne, kuma da abin ya ɓaci da shi za a rataye shi.

Wasannin rukuni, na yarda, ba su yi armashi ba. Burkina Faso ta farke a minti na ƙarshe bayan an ba Efe Ambrose jan kati. Da Zambiya Mikel ya ɓarar da fanareti, golansu Kennedy Mweene kuma ya zo ya ci nasu. Da Habasha ma sai saura minti goma Victor Moses ya samo fanareti, ya ƙara wani, aka tashi 2-0. Amma a cikin waɗannan wasanni marasa daɗin kallo ne ya yi gyare-gyaren da suka ci kofin. Ya ajiye kyaftin ɗinsa Joseph Yobo a benci, ya haɗa Oboabona na Sunshine Stars da Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, a tsakiyar baya. Ya shigo da Mba cikin 'yan sha ɗayan farko. Ya sa Ogenyi Onazi kusa da Mikel yana yin aikin wahala, wanda ya sake wa Mikel mara ya riƙa raba ƙwallo. Tsohon kyaftin ne kaɗai, wanda shi ma ya ɗanɗani benci a 1994, zai iya kallon Yobo ido da ido ya ce masa ya zauna, kuma Yobo ya zauna ba tare da sansani ya rabu biyu ba.

Sai Kwaddibuwa a Rustenburg: Drogba, Yaya Toure, Gervinho, Kalou. A gidan kallon da na je ranar, kafin a take wasa muhawarar da ake yi ita ce ko nawa za a ci mu. Har an yi ta yaɗa cewa jami'anmu sun fara shirin tikitin dawowa. Emenike ya buga bugun tazara kamar zai yaga raga, Cheick Tiote ya farke da ka bayan hutun rabin lokaci, sannan Mba ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya ya yi ta tafiya da ita, ya buga, ta goge jikin mai tsaron baya ta faɗa raga. Gogar nan sa'a ce, na ba ka wannan. Amma ka sake kallon wasan ka ga wa ya fi riƙe tsakiya. Ba a yi wa Yaya Toure haka da sa'a.

Mali aka yi wa 4-1 a Durban, ƙungiyar da Keshi ya san cikinta da wajenta. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, ranar 10 ga Fabrairun 2013 a Johannesburg, Emenike na jinyar rauni bai buga ba, Mba ya ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron baya da ƙafar dama, ya tare ta da hagu kafin ta taɓa ƙasa, a minti na 40. Enyeama ya kaɗe wata mai haɗari a zagaye na biyu. Shi ke nan, kofi na uku, bayan shekara 19.

Idan kana nufin dabara irin ta zane a allo, ba zan ce maka Keshi ya zo da sabon salo ba. Wasansa a fili yake: baya ta tsaya da ƙarfi, a jefa wa masu gudu a gefe, a nemi Emenike. Gwanintarsa sanin mutane ce. Ya san wanda ke jin yunwar wasa, ya san wanda ya ƙoshi, kuma idan ya yarda da yaro yakan sa yaron ya yarda da kansa.

Kashegarin cin kofin ya faɗa a wani gidan rediyon Afirka ta Kudu cewa ya ajiye aiki, saboda yadda aka yi ta ƙulle-ƙullen maye gurbinsa ana tsakiyar gasa. Sai da ministan wasanni ya sa baki ya janye.

Tambaya: Shin shi kaɗai ne ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana koci?
Daga wani ɗalibi a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: A'a, ɗana, shi ne na biyu. Mahmoud El-Gohary na Masar ya riga shi: ya ci yana ɗan wasa a 1959, ya ci yana koci a 1998 a Burkina Faso. Inda Keshi ya zama na farko shi ne kai ƙasashen Afirka biyu daban-daban kofin duniya a matsayin koci ɗan Afirka, da kuma zama kocin Afirka na farko da ya tsallakar da ƙungiyarsa daga rukuni a gasar, a 2014.

Tambaya: Ana cewa ya ba 'yan wasan gida dama. To mu 'yan Arewa fa, me muka samu a zamaninsa?
Daga wani mai goyon bayan Sai Masu Gida a Kurna, Kano.

Amsa: Na san inda ka dosa, ɗan'uwa. Ahmed Musa ba Keshi ne ya fara kiransa ba, tun 2010 ya shiga ƙungiyar ƙasa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya da Kano Pillars. Amma a hannun Keshi ya zama wanda ake dogara da shi. Ya ci ƙwallo ta huɗu a wasan Mali, sannan a Brazil ya zura wa Ajantina biyu a Porto Alegre, a wasan da Messi ma ya ci biyu aka tashi 3-2. Kafin shi babu ɗan Najeriyar da ya taɓa cin biyu a wasa ɗaya na kofin duniya. Reuben Gabriel kuwa daga Pillars kai tsaye aka ɗauke shi zuwa gasar 2013.

Inda za ka fi ganin abin shi ne gasar CHAN ta 2014, wadda 'yan wasan gida zalla ke bugawa. Karon farko ke nan da Najeriya ta samu zuwa. Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na cikin tawagar. A wasan da Maroko ta ci mu uku da nema kafin hutu, aka dawo aka farke duka, aka ci na huɗu a ƙarin lokaci, Rabi'u na cikin waɗanda suka ci. Aka zo na uku.

Ko an ba Rabi'u Ali dama yadda ya kamata a babbar ƙungiya? Ni ma ina ganin ya cancanci fiye da abin da ya samu, kuma ba Keshi kaɗai zan ɗora wa wannan ba, domin waɗanda suka biyo bayansa ma ba su waiwaye shi ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce ƙabilanci ya yi. Ka duba waɗanda ya ajiye, za ka ga har da 'yan yankinsa.

Tambaya: To wai me ya kawo ƙarshensa? Laifinsa ne ko na hukuma? Ni dai ina ganin zaluntarsa aka yi.
Daga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Zariya.

Amsa: Baba, an zalunce shi, amma ba zan wanke shi tas ba.

Ɓangaren hukuma dai a bayyane yake. A shekarar da ya ci kofi, ya kuma doke Habasha gida da waje ya kai mu Brazil, sai da ya fito ya faɗa wa duniya cewa an yi watanni ba a biya shi albashi ba. An sallami mataimakinsa Sylvanus Okpala da sunan rashin kuɗi. A Brazil ma, ana shirin karawa da Faransa a zagayen 'yan 16, 'yan wasa suka ƙaurace wa atisaye saboda alawus. Duk da haka sun riƙe Faransa har minti na 79, bayan Matuidi ya taka Onazi an fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, kafin Pogba ya ci da ka, Yobo kuma ya ci gida.

Nasa ɓangaren kuwa, taurin kan da ya ci masa kofi shi ya juyo kansa. Ya ƙi tafiya da Ikechukwu Uche Brazil alhali yana ta zura ƙwallaye a Villarreal, ya ce ba ya bin tsarin wasa. Ya bar Sunday Mba a gida. Ya tafi da wasu da ko a ƙungiyoyinsu ba sa samun wasa, da Onazi ya faɗi kuma sai aka duba benci aka ga babu kowa. Wasan Iran da aka tashi babu ci ya nuna cewa idan abokin karawa ya koma baya ya tsare gida, ba mu da wata hanya ta biyu.

Ya kamata a ce an rabu a nan cikin mutunci. Kwantiraginsa ya ƙare, hukumar kanta tana cikin rikicin shugabanci, amma aka ce ya ci gaba babu takarda. Kongo ta zo Kalaba ta ci mu 3-2, Sudan ta ci mu a Khartoum. A Oktoban 2014 sabuwar hukuma ƙarƙashin Amaju Pinnick ta sallame shi ta naɗa Amodu, bayan mako biyu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa baki aka mayar da shi. Daga ranar ya zama kocin da masu gidansa ba sa so, kuma kowa ya sani, har 'yan wasa. Afirka ta Kudu ta zo Uyo aka yi 2-2, mai riƙe da kofi ya kasa zuwa kare kofinsa a 2015. Aka ba shi sabon kwantiragi a Afrilun 2015, aka kore shi a Yuli, bayan an ga sunansa a jerin masu neman aikin horar da Kwaddibuwa. Shi ya ce ba da saninsa aka sa ba.

Matarsa Kate ta rasu a Disamban 2015 bayan fama da ciwon daji. Shi kuma ya rasu a Benin ranar 7 ga Yunin 2016, yana da shekara 54. Kwana uku tsakani Amodu Shuaibu ya bi shi, a garin na Benin. Babban filin wasa na Asaba sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

Oliseh da ya gaje shi bai kai shekara ba ya ajiye aiki a Fabrairun 2016, shi ma yana ƙorafin albashi. Gasar 2017 ta wuce mu kamar ta 2015. A Agustan 2016 aka ɗauko Gernot Rohr, Bajamushe, wanda ya zo na uku a gasar 2019, bai fita daga rukuni ba a kofin duniya na 2018, aka kuma bar shi a kan aiki har Disamban 2021.